Ashirin da Uku ga Satumba: Mawaƙa Huɗu da Tarihin Sunayen Kiɗa a Amurka

Gabatarwa

Al'ada ce ta gidajen rediyo da jaridun Turai da Amurka su riƙa jero sunayen shahararrun mutanen da aka haifa a rana irin ta yau, sa'an nan a sa wa masu sauraro waƙa ɗaya ko biyu ta mawaƙan da suka faɗo a cikin jerin. Ga Bahaushen dauri wannan lissafi baƙo ne, domin shi ranar mako yake riƙewa, ba kwanan wata ba, kuma da ita yake yi wa yaro laƙabi, a sami Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu da Asabe. To, in aka ɗauki ranar 23 ga Satumba, alal misali, za a tarar ta haɗa mutum huɗu waɗanda kowannensu ya yi zamani a fagen kiɗa da waƙa. Su ne John Coltrane, mabushin jaz, wanda aka haifa a 1926, da Ray Charles a 1930, da Julio Iglesias a 1943, da Bruce Springsteen a 1949. Da a ƙasar Hausa ne, da biyu kaɗai za a ce sun yi tarayya a rana, watau Coltrane da Iglesias, domin ran Alhamis aka haife su, kowannensu Ɗanlami ke nan. Ray Charles Ɗantala ne, Springsteen kuwa Ɗanjuma.

Babu wani asiri a cikin wannan haɗuwa. Kwanakin shekara 365 ne, mawaƙa kuwa ba su ƙidayuwa, kuma masana lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23 kacal a ɗaki guda, ya fi kusa a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya a kan a rasa. Amfanin jerin ga mai nazari shi ne kalanda ce ta yi zaɓen, ita kuwa kalanda ba ruwanta da launin fata ko ƙasa ko irin kiɗa. Saboda haka wannan maƙala za ta bi sawun mutanen nan huɗu domin a ga yadda aka yi sunayen nan uku, watau jaz da kantiri da fof, suka zama shinge tsakanin makaɗa, da wanda ya kafa shingen, da kuma wanda aka bari ya tsallake shi da wanda aka tsayar.

Asalin Sunayen

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun saba kasa makaɗa bisa ga waɗanda suke yi wa kiɗa. Akwai na fada irin su Narambaɗa, da na 'yan dambe irin su Ɗan Anace, da na jama'a irin su Shata. Wani lokaci kuma kayan kiɗan ne ke ba da suna, a ce masu kotso ko masu kalangu ko masu goge. A Amurka 'yan kasuwar faifai ne suka yi rabon, abin da suka duba kuwa shi ne mai saye.

Kafin 1920, a jihohin Kudu, baƙaƙen fata da talakawan fararen fata sun daɗe suna kiɗa da kaya iri ɗaya, suna kuma aron waƙoƙin juna, duk da dokokin wariya. Gogen Turawa daga Turai ya zo. Banjo kuwa, wanda a yau ake ɗauka tamkar tambarin kiɗan kantiri, bayi ne suka fara ƙera shi da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan da Amurka, bisa fasalin kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya san gurmi, in ya ga hoton banjon farko ba zai yi baƙunta ba.

A watan Agusta na 1920 kamfanin OKeh ya ɗauki muryar wata baƙar mace, Mamie Smith, a waƙar "Crazy Blues". Faifan ya yi kasuwar da ba a zata ba a unguwannin baƙaƙe, nan take kamfanoni suka gane akwai masu saye da aka yi watsi da su. Sai aka buɗe musu sashe na daban da ake kira "race records", watau fayafayan jinsi. A lokacin kalmar ba zagi ba ce, domin jaridun baƙaƙen da kansu suna amfani da ita cikin alfahari. Bayan shekara uku, a 1923, wani ma'aikacin kamfanin mai suna Ralph Peer ya je Atlanta ya ɗauki kiɗan wani farar fata mai goge, Fiddlin' John Carson, ya kuma tarar akwai wata kasuwar a ƙauyukan fararen fata. Ita ma aka ba ta nata sashen, wanda daga baya ya amsa sunan "hillbilly", kalmar da ke nufin bagidajen kan tudu. OKeh har lambobi ya raba: fayafayan baƙaƙe a jerin 8000, na ƙauyawan farare a jerin 45000. A 1927 Peer ɗin nan, yana yi wa kamfanin Victor aiki, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalin Carter a garin Bristol, su ne kuwa ake lissafawa a matsayin tushen kantiri na faifai.

Makaɗan kansu ba su bi wannan rabo ba. A watan Yuli na 1930, wata biyu kafin haihuwar Ray Charles, Louis Armstrong ya busa ƙaho, matarsa Lil tana kaɗa fiyano, a waƙar Jimmie Rodgers mai suna "Blue Yodel No. 9", amma ba a rubuta sunayensu a jikin faifan ba. A. P. Carter tare da wani baƙin fata mai jita, Lesley Riddle, yake yawon ƙauyuka neman waƙoƙi. Hank Williams a hannun wani baƙin makaɗin titi, Rufus Payne, ya koyi jita. Shirin rediyon nan na Grand Ole Opry na birnin Nashville, wanda shi ne fadar kantiri, yana da baƙin fata cikin taurarinsa na farko, watau DeFord Bailey mai busa hamonika, har zuwa 1941 da aka sallame shi.

Mujallar Billboard, mai buga jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa duk mako, ita ta ƙara wa shingen tsawo, kuma tarihin sunayen jadawalinta abin nazari ne ga masu sha'awar harshe. Jadawalin baƙaƙe ya fara a 1942 da sunan unguwar Harlem, ya koma "race records" a 1945, sa'an nan "rhythm and blues" a 1949, da "soul" a 1969, da "black" a 1982, kafin a komo wa sunan 1949 a 1990. Sunan ya yi ta sauyawa, mutanen da ake nufi ba su sauya ba. A 1949 ɗin nan dai, shekarar haihuwar Springsteen, mujallar ta fara kiran kiɗan ƙauyawan farare "country and western", domin masu shi sun gaji da sunan bagidaje. Shi kuwa fof, an gutsuro shi ne daga kalmar Ingilishi mai nufin abin da jama'a ke so. Ba shi da wani sauti nasa na kansa. Duk abin da mafi yawan masu saye, waɗanda fararen birni ne, suka karɓa a wani zamani, shi ne fof na zamanin. A shekarun 1930 jaz na rawa shi ne fof. Da aka shiga tsakiyar shekarun 1940, matasan makaɗa irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka mai da shi kiɗan zama a saurara, sai kasuwarsa ta tsuke, darajarsa a wurin masana ta ƙaru. Ita kanta kalmar jaz, a shafukan wasanni na jaridun Kalifoniya aka fara ganinta a rubuce a 1912, kafin a liƙa wa kiɗa, kuma manya irin su Duke Ellington da Max Roach ba su taɓa jin daɗinta ba.

'Yan Kudu Biyu

Coltrane da Ray Charles shekara huɗu ce tsakaninsu, dukansu kuwa 'yan Kudu ne, 'yan zamanin wariya, waɗanda suka fara jin kiɗa a coci. An haifi Coltrane a Hamlet ta jihar Karolina ta Arewa, ya tashi a High Point, a gidan da ake da ɗan rufin asiri, kakanninsa maza biyu duk limaman coci ne. Daga ƙarshen 1938 zuwa 1939 mutuwa ta yi wa gidan ɗauki ɗai ɗai, ta ɗauke kakansa da ubansa, sai yaron ya duƙufa ga busa. A 1943 ya bi ayarin babbar ƙaurar nan da ta kwashe baƙaƙe wajen miliyan 6 daga Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma, ya sauka Filadelfiya.

Ray Charles Robinson a Albany ta jihar Jojiya aka haife shi, ya tashi a Greenville ta Fulorida cikin talauci na gasken gaske. Yana da kamar shekara biyar ƙanensa ya faɗa bahon wanki ya mutu a gabansa, yana da bakwai ya makance. Daga 1937 zuwa 1945 yana makarantar makafi da kurame ta St. Augustine, inda ya koyi karanta kiɗa da rubutun makafi. Abin mamaki, ko a makarantar makafi sai da aka ware baƙaƙe daga farare. Shi da kansa ya sha faɗa cewa da Grand Ole Opry ya girma, domin tashar da ke watsa shirin tana kaiwa ko'ina a Kudu, rediyo kuwa ba ya tambayar launin mai kunne. Bayan rasuwar uwarsa a 1945 ya shiga neman abinci da fiyano, har ya taɓa zama cikin wata ƙungiyar kantiri ta fararen fata mai suna Florida Playboys. A 1948 ya hau mota zuwa Seattle, birnin da ya fi ko'ina nisa da Fulorida, can ya haɗu da wani yaro mai suna Quincy Jones, can kuma ya yar da Robinson daga sunansa don kada a riƙa haɗa shi da ɗan damben nan Sugar Ray Robinson.

Wanda ya san Coltrane ta fayafayansa na ƙarshe kawai zai yi mamakin jin cewa shekarunsa na farko a kiɗan rawa na mashaya ya yi su, tare da irin su Eddie Vinson da Earl Bostic, watau dai irin kiɗan da Billboard ke sa wa a jadawalin baƙaƙe. Sai a 1955 Miles Davis ya ɗauke shi, ya kuma kore shi a 1957 saboda shan hiroyin da giya. A shekarar ya bar shaye-shaye, ya yi watanni tare da Thelonious Monk, ya koma wurin Davis, da shi aka yi "Kind of Blue" a 1959. Shi kuwa Ray Charles, wanda ake kira mawaƙin "rhythm and blues", a 1958 yana kan dandamalin bikin jaz na Newport.

Kamfani ɗaya ya haɗa su, watau Atlantic, wanda Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, ya kafa da abokinsa a 1947. Kamfanin ya sayi kwantiragin Ray Charles a 1952 a kan dala 2,500. Ɗaya daga masu kula da fayafayansa shi ne Jerry Wexler, mutumin da ya ƙago sunan "rhythm and blues" sa'ad da yake ɗan jarida a Billboard. A ƙarshen 1954 Ray Charles ya ɗauki karin wata waƙar coci ya ɗora mata baitocin soyayya, aka sami "I Got a Woman". Limaman coci da yawa sun ɗauki abin saɓo, amma daga nan kiɗan da aka zo aka kira "soul" ya tsiro. A 1959, shekarar da ya yi "What'd I Say", Coltrane yana ɗaukar "Giant Steps" a kamfanin. Injiniya ɗaya, Tom Dowd, ya naɗi muryoyinsu, kuma kowannensu ya yi faifai da makaɗin jaz ɗin nan Milt Jackson. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 1959 Ray Charles ya koma ABC-Paramount, bisa sharaɗin da ba a saba ba wa mawaƙi ba, balle baƙi, watau asalin naɗin waƙoƙinsa ya zama mallakarsa. Da kamfanin ya buɗe reshen jaz mai suna Impulse, faifai na biyu da reshen ya fitar a 1961 na Ray Charles ne, "Genius + Soul = Jazz", na shida kuwa "Africa/Brass" na Coltrane. Cikin mabusan Count Basie da suka raka Ray Charles a nasa faifan har da Frank Foster, wanda shi ma ran 23 ga Satumba aka haife shi, a 1928.

Coltrane ta tasa hanyar ya taka shingen. Waƙar da ta fi jawo masa jama'a ita ce "My Favorite Things", wadda aka yi don wasan kwaikwayon "The Sound of Music" na 1959, fof ce tsantsa. Ya ɗauke ta a 1960, ya ja ta kusan minti 14 da ƙaramin saksafon mai siririyar murya, wanda a kunnen Bahaushe ya fi kama da algaita. Sa'an nan ya ci gaba da nisa, yana sauraron kiɗan Indiya da na Afirka, har a ƙarshen 1961 wani mai sharhi a mujallar DownBeat ya kira abin da yake yi kishiyar jaz. Ashe shingen yana da masu gadi ta ciki ma. Bayan harin bam da ya kashe 'yan mata huɗu a wani cocin baƙaƙe a Birmingham ran 15 ga Satumba, 1963, ya yi "Alabama", a Disamba na 1964 kuma ya ɗauki "A Love Supreme", wanda ya yi a matsayin godiya ga Ubangiji. Abokinsa ne Babatunde Olatunji, makaɗin gangan nan ɗan Ajido kusa da Badagry, har ya sa wa wani kiɗansa suna "Tunji". Wasansa na ƙarshe da aka naɗa, a cibiyar al'adun Afirka ta Olatunji da ke Harlem ya yi shi, ran 23 ga Afrilu, 1967. Ya rasu ran 17 ga Yuli na shekarar, da ciwon dajin hanta, yana da shekara 40.

Shekarar 1962

A watan Maris na 1961 Ray Charles ya ƙi yin wasa a Augusta ta Jojiya, da ya ji za a ware baƙaƙe daga farare a zauren. Mai shirya wasan ya kai shi ƙara, ya biya. Labarin da fim ɗin rayuwarsa na 2004 ya yaɗa, cewa jihar ta haramta masa shiga, ƙari ne na masu fim. Abin da ya tabbata shi ne a 1979 majalisar jihar ta mai da "Georgia on My Mind" waƙar jiha.

Bayan shekara guda ya gaya wa shugabannin ABC-Paramount yana son ya yi babban faifai na waƙoƙin kantiri zalla. Sun yi ƙoƙarin hana shi, don tsoron kada ya rasa baƙaƙen masoyansa bai kuma sami farare ba, amma kwantiraginsa ta ba shi ikon zaɓe. Ya tsinto waƙoƙin Hank Williams da Don Gibson da Floyd Tillman da wasunsu, ya ɗauke su a Fabrairu na 1962, wasu da babbar ƙungiyar mabusa irin ta jaz, wasu da tarin goge da 'yan amshi. Faifan, mai suna "Modern Sounds in Country and Western Music", ya fito a Afrilu, ya yi mako 14 a saman jadawalin manyan fayafayai na fof. Waƙar Don Gibson da ke ciki, "I Can't Stop Loving You", ta yi mako 5 a saman jadawalin fof, ta yi 10 a saman na baƙaƙe, ta kuma hau sama a Ingila. A watan Yuli, faifan yana kan ganiyarsa, Martin Luther King yana tsare a kurkukun Albany, mahaifar Ray Charles, saboda zanga-zangar neman 'yanci.

Jadawali ɗaya ne waƙar ba ta leƙa ba ko da a can ƙasa, shi ne na kantiri. Masu kare Nashville suna da hujja, cewa salon da Ray Charles ya bi da waƙoƙin ba na kantiri ba ne, babu gogen ƙauye, babu banjo, ga mabusa ga 'yan amshi. Hujjar tana da rauni ƙwarai. A daidai wannan lokaci manyan Nashville irin su Chet Atkins da Owen Bradley sun riga sun ajiye gogen ƙauye da banjo, suna lulluɓe muryoyin Patsy Cline da Jim Reeves da tarin goge da 'yan amshi, domin su kama kasuwar birni. Duk wanda ya tashi a Nijeriya a shekarun 1960 da 1970 ya san laushin fayafayan Jim Reeves, waɗanda aka yi ta saye a nan, kuma ba wanda ya ce ba kantiri ba ne. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne jadawalin yana dogara ne da abin da gidajen rediyon kantiri suka sa, su kuwa masu gidajen sun san waɗanda suke yi wa talla. Shi ya sa da kamfanin RCA ya fara fitar da fayafayan Charley Pride, baƙin fata ɗan Misisifi, a 1966, aka aika wa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. Da kunne ya riga ido, sai aka karɓe shi, ya hau sama a 1969, ya kuma maimaita har sau 29. Amma shi kaɗai ne a wannan matsayi shekaru da yawa.

Ɗan Ma'aikaci da Ɗan Likita

Sauran biyun fararen fata ne, kuma tarihinsu yana nuna ɗaya fuskar shingen. Springsteen ya tashi a Freehold ta jihar New Jersey, ubansa yana ta fama da ƙananan ayyuka, daga masaƙar darduma zuwa tuƙin bas. John Hammond, wanda ya fito da Billie Holiday da Count Basie a duniyar jaz, shi ya kai shi kamfanin Columbia a 1972. Kiɗansa tun farko cike yake da gadon "rhythm and blues", musamman busar saksafon ta Clarence Clemons, baƙin fatan da aka ɗauke su hoto tare a bangon "Born to Run" na 1975. A 1982 ya zauna shi kaɗai a ɗaki da jita da rikodar kaset ya yi "Nebraska", waƙoƙin talakawa da masu laifi a bisa tafarkin Hank Williams da Woody Guthrie, har Johnny Cash, jigon kantiri, ya ɗauki biyu daga ciki ya rera a 1983. Ya ɗebo daga rijiyar baƙaƙe, ya ɗebo daga ta ƙauyawa, amma ba a taɓa jin an ce ya tsallaka wani shinge ba, domin kalmar tsallakawa a bakin 'yan kasuwar faifai ta wanda ya fito daga ƙaramar kasuwa ce yake neman babba. Shi a babbar aka haife shi. Ruɗanin da ya gamu da shi na wani iri ne: a 1984 mutane da yawa, har da masu yi wa Ronald Reagan yaƙin zaɓe, suka ɗauki "Born in the U.S.A." waƙar kirarin ƙasa, alhali kuwa kukan tsohon sojan Biyetnam ne da ya komo gida ya rasa aiki.

Iglesias shi ne baƙo a cikinsu. Ɗan likita ne, haifaffen Madrid ta ƙasar Sifen, ɗalibin shari'a, kuma mai tsaron gida a ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, har haɗarin mota ya kwantar da shi a farkon shekarun 1960. A gadon jinya ya koyi jita. Ya ci gasar waƙa ta Benidorm a 1968, ya wakilci ƙasarsa a gasar Turai a 1970 ya zo na huɗu, sa'an nan ya mamaye ƙasashe masu jin Sifaniyanci da Faransanci da Italiyanci. Waƙar da ta kai shi saman jadawalin Ingila a ƙarshen 1981, "Begin the Beguine", Cole Porter ya rubuta ta a 1935, mabushin jaz Artie Shaw ya shahara da ita a 1938. Kasuwar Amurka ce ta rage masa, kamfanin Columbia kuwa ya san ƙofar da zai bi da shi. A 1984 aka haɗa shi da Willie Nelson a waƙar "To All the Girls I've Loved Before". A watan Mayu ta hau saman jadawalin kantiri, ta kai ta biyar a na fof, ƙungiyar kantiri ta Nashville kuma ta ba su kyautar gwanayen waƙar mutum biyu ta shekarar.

A wannan shekarar mutum uku da suka rage cikin huɗun duk a Columbia suke, domin Ray Charles ma ya koma reshen kamfanin na Nashville, yana yin kantiri irin wanda ba mai iya musu. Shi ma da Willie Nelson aka haɗa shi, a "Seven Spanish Angels", wadda ta hau saman jadawalin kantiri a watan Maris na 1985. Ita ce ta farko gare shi a can, ita ce kuma ta ƙarshe. Watau ɗan likitan Madrid, wanda bai tashi da wannan kiɗa ba, wanda kuma Ingilishinsa ke da nauyin harshen gida, ya riga ɗan Jojiya isa da wata goma, shekara 22 bayan ɗan Jojiyan ya sayar wa duniya waƙoƙin Nashville fiye da yadda Nashville ta taɓa sayarwa. Ba laifin Iglesias ba ne, waƙarsa mai daɗi ce, kuma shi ma ta hannun ɗan gida ya shiga. Willie Nelson kansa ya sha faɗa cewa ba wanda ya yi wa kantiri hidimar da Ray Charles ya yi masa. A farkon 1985 ɗin nan aka ji muryoyin Ray Charles da Springsteen da Nelson a faifai guda, "We Are the World", wanda Quincy Jones, yaron nan na Seattle, ya shugabanci ɗaukarsa domin agajin yunwar Habasha.

Rigimar sunan ba ta mutu da su ba. A 2019 Billboard ta cire "Old Town Road" ta Lil Nas X daga jadawalin kantiri, tana cewa ba ta cika siffofin kantiri ba. A Fabrairu na 2024 Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin, amma ƙungiyar kantiri ta Nashville ba ta sa ta cikin 'yan takarar ko da kyauta ɗaya ba a shekarar. Da faifanta "Cowboy Carter" ya ci kyautar Grammy ta kantiri a 2025, ba a yi wata shida ba masu kyautar suka raba rukunin gida biyu, na gargajiya da na zamani.

Shi kuwa Ray Charles ya rasu ran 10 ga Yuni, 2004. A 2021 aka zaɓe shi cikin zauren girmamawa na kantiri da ke Nashville, ya zama baƙin fata na uku, bayan Charley Pride a 2000 da DeFord Bailey a 2005. An yi bikin shigar da shi a watan Mayu na 2022, shekara 60 bayan fitowar "Modern Sounds in Country and Western Music".